AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Kafin Ka Ɗaura Wa Motarka Amfilifaya Da Wufa



A wannan mako saƙonni uku ne suka haɗu a kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba.

Na farko daga Wurno ya fito, daga wani saurayi mai jan Golf tsakanin Wurno da Sakkwato. Ya ce: "Na sayi amfilifaya wadda anka rubuta wat 3,000 ga kwalinta, da wufa guda. Tun da anka ɗaura min su, in kiɗi ya buga sai fitilun mota su riƙa lumshewa, kuma sau biyu ke nan batir na mutuwa sai an tura ni. Mi ne ne laifin?"

Na biyu daga Rabah, wani bawan Allah ne mai sayar da iri da maganin feshi a bayan a-kori-kura. Yana tambaya ko ya sayi wufa don muryarsa ta game kasuwar Achida.

Na uku kuwa wata dattijuwa ce daga Goronyo ta sa jikanta ya rubuto mana. Ɗanta direba ne. Ta ce tun da ya sa "wanga abu mai rugugi" a motarsa, sai an kira shi sau uku kafin ya amsa, kuma yana kukan kunnensa na yi masa tsuwa da dare.

To, madalla. Amsar ukun nan duka gindinta ɗaya ne: ƙara ba kyauta take zuwa ba. Akwai mai biyan kuɗinta, ko batir, ko waya, ko kuma kunnenka.

DAGA INA WUTAR KE FITOWA?

Bari mu fara da kai, ɗan'uwa na Wurno. Rediyon mota ba yau ya fara ba. Tun 1930 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Motorola, kaset kuma kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Iyayenmu sun yi shekaru suna jin Ɗan Anace da Ɗankwairo a cikin Fijo 504 ba tare da batir ya yi ƙorafi ba, saboda rediyon kaset ɗan abu kaɗan yake ci. Wufa kuwa wata aba ce daban. Ita ce babbar sifikar nan mai fitar da kaurin sauti, irin wanda kake ji a ƙirji kafin ka ji a kunne. Kafin ta yi wannan rugugi dole ta ture iska mai yawa, turin iska kuma ƙarfi yake so. Amfilifaya ita ce ke ɗebo wannan ƙarfi daga wutar mota ta ba ta.

Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane misalin da zan bayar. Ka ɗauki batir tamkar madatsar ruwan Goronyo: ajiya yake yi, ba ya haifar da ko ɗigo. Altaneta, wato cajar da injin ke juyawa da bel, ita ce gulbin Rima mai cika madatsar. Waya kuma ita ce tiyon ban-ruwa. In abin da ake ɗiba ya fi abin da ke shigowa, komai girman madatsa sai an ga ƙasanta. Mutanen Goronyo ba su manta yadda ruwan dam ya ja baya a 2018 ba.

Yanzu sai lissafi, ku yi haƙuri da tsohon malamin makaranta. Kalmomi uku za ku riƙe. Bolt shi ne ƙarfin turin wutar. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudu a cikin waya, kada ku rikita ta da amfilifaya. Wat kuma shi ne aikin da wutar ta yi. In ka ninka bolt da amfiya, wat za ka samu.

Batirin mota in ya cika yana kan bolt 12 da ɗoriya, in injin na aiki kuma wutar takan kai wajen bolt 14. Altanetar ƙananan motocin da muke hawa galibi amfiya 70 zuwa 90 take bayarwa, shi ma sai injin ya ɗauki gudu; in yana silo abin bai kai haka ba. A cikin wannan, fitilu da fanka da famfon mai da wutar filogi sukan kwashe kusan rabi da dare. Abin da ya rage maka na kiɗi bai wuce amfiya 30 zuwa 40 ba.

To, amfilifaya mai wat 500 na gaskiya fa? Raba 500 gida 14, ka sami kusan amfiya 36. Amma ba duk wutar da ta sha ke zama sauti ba, wani kaso zafi yake komawa. Sababbin ƙira sukan zubar da kamar kashi ɗaya cikin biyar, sai jan nasu ya kai amfiya 45. Tsofaffin ƙira kuwa sukan zubar da kusan rabi, jansu ya haura 60. Ka ga duk lokacin da ganga ta buga, amfilifaya ta wawuri abin da ya fi ƙarfin altaneta, sai ta ciwo bashi daga batir. Lumshewar fitilun nan da kake gani, motarka ce ke gaya maka bashi ya yi yawa.

BA GIRIN-GIRIN BA, TA YI MAI

Sai batun wat 3,000 da ka gani a kwali. Ɗan'uwa, in da gaske ne, wannan amfilifaya za ta ja sama da amfiya 200, wato abin da altaneta biyu irin taka ba za su iya ba. Ka sake duba kwalin. In ka ga haruffan PMPO ko MAX kusa da lambar, to kirari ne kawai irin na 'yan talla. Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta.

In babu wannan ma, ga dabara. Ka duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar kanta, akwai lamba a kansa. Ka ninka lambar sau 10, za ka kusanci gaskiyar ƙarfinta. Wadda ke da fiyus ɗaya mai amfiya 30, ƙarfinta bai wuce wat 300 ba, ko da mai kanti ya rantse. Kuma kada ranka ya ɓaci, domin wat 250 zuwa 300 na gaskiya ya ishi cikin Golf har ya yi saura.

Mutuwar batir kuwa, ina kyautata zaton ɗaya ne daga abu biyu. Ko dai kana kunna kiɗi a tasha injin a kashe kana jiran lodi, ko kuma ba a haɗa maka siririyar wayar nan shuɗiya daidai ba. Batir mai lamba 60, in ana jan amfiya 15 daga cikinsa, awa biyu sun ishe shi ya koma rabi, daga nan kuma da ƙyar zai tayar da mota. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba. Duk tatsa tana rage masa kwana. Ita kuma shuɗiyar waya daga bayan rediyo take fitowa, aikinta ta gaya wa amfilifaya ta farka ko ta kwanta. Wasu masu wayarin, don ganda, sai su liƙa ta kai tsaye da babbar waya, amfilifaya ta kwana a kunne tana tsotsar batir kai kana barci.

FIYUS, FIYUS, FIYUS

Abin da zan faɗa yanzu ya fi duk na baya muhimmanci, kuma a jikina na koye shi. Shekarun baya na ba wani yaro ya ɗaura min 'yar amfilifaya. Ya jawo siririyar waya daga batir, ya ratsa da ita ta wata kafar ƙarfe, bai sa fiyus ba, ni kuma ban san in tambaya ba. Rannan mun wuce Achida kaɗan sai warin roba ya cika mota, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kafet. Ƙarfe ya yanke rigar wayar, wuta ta haɗu da jikin mota. Allah ya sa akwai wani dattijo a gaba wanda ya yi yaron mota da ƙuruciya, shi ya fizge kan batir, muka watsa ƙasa. Da iyalina ne kaɗai a ciki, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Batirin da kake rainawa, in wayarsa ta taɓa jikin mota, ɗaruruwan amfiya yake saki a lokaci guda, waya ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Fiyus shi ne ɗan siririn ƙarfen da aka yi don ya narke ya yanke wutar kafin waya ta kama. Wanda ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake tsaro, ba ya tsaron doguwar wayar da ta ratso mota tun daga bonet har but. Saboda haka in ka je wurin mai wayarin, ka tsaya a kansa ka ga ya yi waɗannan:

Na ɗaya, kafin ya taɓa komai ya cire kan batir mai alamar ɗebewa.

Na biyu, ya sa fiyus a kan babbar jar waya kusa da batir, kada tazararsu ta wuce kamu ɗaya, wato kamar santimita 45.

Na uku, kaurin waya ya dace da aikinta. Ba ka ɗaura tiyon inci ɗaya a injin ban-ruwa mai bakin inci uku. Lambar waya tana raguwa ne kaurinta na ƙaruwa. Mai lamba 8 ta ishi amfilifaya mai wat 300, da fiyus na amfiya 40. Daga wat 500 zuwa sama sai mai lamba 4, da fiyus na amfiya 80. Kuma ka kankare bakin wayar da wuƙa tun a gaban mai kanti. In cikinta ja ne, jan ƙarfe ne na gaske. In ka ga fari, sanholo ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma abin da yake iya ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba. Araha ba ta ado.

Na huɗu, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, ko a zura ta cikin guntun tiyo.

Na biyar, baƙar wayar da ake ɗaurawa a jikin mota ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ja, a kankare fenti har ƙarfe ya yi sheƙi kafin a ɗaure ta da noti.

Na shida, wayoyin da ke ɗauko sauti daga rediyo su bi gefe ɗaya na mota, babbar wayar wuta ta bi ɗaya gefen. In aka gwama su za ka riƙa jin wani kuka a sifika mai hawa da sauka tare da totur.

In fiyus ya ƙone, kada ka yarda a naɗa masa waya ko takardar taba. Ba banza ya ƙone ba, a nemo dalili. Wanda ya ɗaure fiyus da waya kamar mai gida ne da ya kori maigadi don ya tashe shi da ihun ɓarawo.

Sauran abu uku a taƙaice. Wufa sai da akwati. Mai faɗin inci 12 tana son akwatin katako mai kauri, rufaffe ruf ba inda iska ke fita, wanda cikinsa ya ɗan ɗara jarka mai lita 25. Ka lissafa da wannan, domin wurin buhun fasinja ne zai ci a but, kuma a ɗaure shi tamau kada ya yi tsalle in an taka birki. Sannan kada a jera sifiku barkatai a baki ɗaya. Sifika biyu masu om 4 in aka haɗa su kai da kai sun koma om 2, huɗu kuma om 1, wanda yawancin amfilifaya ba sa jurewa. Na ƙarshe, zafi. Kun san watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, zafin inuwa ma yakan haura digiri 40, balle cikin but. A kafa amfilifaya inda iska ke ratsawa, kada a jibga mata kaya, a riƙa kaɗe mata ƙurar hunturu. Ɗan maɓallin nan na jikinta da yara ke murɗawa har ƙarshe ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ta da rediyo ne. Da zarar sauti ya fara karcewa, a mayar da shi baya, don wannan karcewar ce ke ƙona sifika.

GA MAI TALLA NA RABAH

Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka. Wufa ba ta magana. Aikinta sautin da ke girgiza ƙasa da sau 80 a sakan, alhali abin da ke sa a gane maganar mutum yana tsakanin girgiza 300 zuwa 3,000 da 'yan kai a sakan. In ka sa wufa a kasuwa, mutane za su ji rugugi amma ba wanda zai san iri kake sayarwa ko gishiri.

Abin da ya dace da kai shi ne lasifikar nan mai baki kamar kakaki, irin ta masallaci. Bakin nata ke tattara sauti ya jefa shi gaba, shi ya sa da wat 25 ko 30 take kai muryar ladan ƙarshen gari. Ka nemi 'yar amfilifaya mai amfani da bolt 12, mai wurin makirfo da na memori, wadda ƙarfinta bai wuce wat 60 ba. Ka kafa lasifikar a kan kariya sama da kawunan mutane. Kai kuma ka tsaya a bayanta, in ka shiga gabanta da makirfo za ta yi ta ƙara mai tsaga kunne. Ka rage kaurin sauti har ƙasa, domin shi ke kashe irin wannan lasifika.

Tunda yini kake yi a tsaye injin a kashe, ka ware mata nata batir daban, ka ɗora ɗan faifan sola a kan rufin mota yana ciyar da shi. Batirin mota kuwa ka bar shi da aikinsa. Kai ka fi ni sanin halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suka shiga a 'yan shekarun nan. Ba wanda ke son magariba ta riske shi a bakin kasuwa, kowa ya watse, shi yana neman masu turi.

Ka kuma kiyaye haƙƙin maƙwabta. In an kira salla ka kashe. Kada ka juya bakin lasifika wajen kara, dabbobi na firgita. Haka kusa da asibiti da makaranta. Tun 2009 Nijeriya ke da ƙa'idojin hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma tun kafin doka ai mun san cutar da maƙwabci ba hali ne na kirki ba.

GA INNA TA GORONYO

Inna, hankalinki bai tashi a banza ba. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. In sau ɗaya ne sukan miƙe. In kullum ne sai su mutu, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Tsuwar da yake ji da dare gargaɗi ne.

Ana auna ƙara da desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Motar da aka rufe gilasanta aka saki wufa tana iya wuce 100 cikin sauƙi, direba kuma a ciki yake yini. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji ta irin wannan hanya.

Ga ma'aunin da ba ya bukatar na'ura: in sai ya ɗaga murya kafin fasinjan da ke gefensa ya ji shi, ƙarar ta yi yawa. Ya rage tun yau. Kada a ɗiga masa mai ko a soka tsinke, ciwon ba a nan yake ba. Ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a auna jinsa. Abin da ya saura shi ake ceto.

Kai kuma ɗan Inna, in kana jina, kunne rabin tuƙi ne. Da shi kake jin hon na babbar mota a kwana, da shi kake jin taya ta fara sheƙa iska, da shi kake jin injin ya canza murya, da shi kuma kake jin mai tsayar da kai a hanya yana cewa kada ka ƙarasa gaba. Fasinjojinka ma akwai tsofaffi da masu goyo, kuɗin mota suka biya, ba su biya na rugugi ba.

To jama'a, ba mu ce kada a ji daɗi ba. Mota mai sauti mai daɗi tana rage nisan hanya. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafi kafin a saya, a sa fiyus kafin a kunna, a kuma rage kafin kunne ya gaji. Rigakafi ya fi magani.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko, ko a rubuce ko ta saƙon murya, ya faɗi garinsu da sana'arsa don amsa ta dace da shi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa a kwashe amfanin fadama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.